Mangwaron Ɗan Ƙwadago

A tashar mota, wani magidanci yana zaune ya yi tagumi. Tsohuwar da ke gefensa ta matsar da kwandonta, ta dube shi.

"Ɗana, wannan tagumi fa?"

"Iya, yarona ne zai yi aure, surukai suna tambayar asalinmu. Na je ƙauye na bincika, ashe 'yan ƙwadago ne mu. Babana da kakana da uban kakana, duk gonar wasu suka noma."

"Wanda bai bar gadon gona ba, ta ina ka bi sawunsa?"

"Ta mangwaro. Duk gonar da suka yi wa aiki, sai sun dasa ɗaya a kan iyaka."

Tsohuwa ta riƙe haɓa.

"Ashe ku ne. Akwai ɗaya a tsohuwar gonarmu, a inuwarsa na yi wayo. Sau uku gonar tana canja hannu, an ma manta masu ita, amma har gobe mangwaron ɗan ƙwadago ake ce masa."

Ta zaro nunannen mangwaro daga kwando, ta danƙa masa.

"Ungo, na bishiyar ne, kai wa surukan. Su ma su kawo nasu asalin a ɗanɗana."