Asabar Ɗin da Muka Shiga Lambun Wilfred

Shugabar wannan ƙungiya tamu ta masu lambu, Misis Glenys Thewlis; mai girma kansilan unguwa, wanda ya baro ofis mai ɗumi ya zo ya zauna da mu a wannan zaure mai sanyi; 'yan kwamiti; dattawan da suka riga ni riƙe shebur a filinmu; sababbin shiga, waɗanda har yanzu takalmansu ke ƙyalli; da ku da sunayenku ke cikin jerin masu jiran lambu, kuka zo ku duba ko wani a cikinmu ya fara gajiya: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa taronmu na ƙarshen shekara.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Desmond Ackroyd, mai lambu na goma sha huɗu. Shekara talatin na yi ina tuƙa bas a garin nan, shekara shida ke nan kuma ina jagorantar aikin gayyar da muke yi Asabar ɗin farkon kowane wata.

Godiyata ta farko ga waɗanda suka fito cikin ruwa, suka fito cikin iska, suka fito ranar da ƙasa ta daskare har shebur ya ƙi shiga. Godiya ga masu ɗora shayi, domin na lura ranar da aka ce akwai kek mun fi yawa. Har waɗanda ke zuwa su jingina da baro su ba mu shawara, su ma na gode musu, don ko ba komai sun riƙe baron bai faɗi ba.

Magana ta farko ita ce abin da hannuwanku suka yi bana. Kun aske shingen gabas daga ƙofa har bakin rafi. Kun yashe magudanar da ta shekara uku tana mayar da lambunan ƙasa tafki. Kun zuba tsakuwa a babbar hanya, kun ɗora sabon tanki a bayan ɗakin kaya, kun gyara ramukan taki. Babu wanda aka tilasta, babu wanda ya nemi a yaba masa. Ina alfahari da ku, kuma na faɗa a gaban kansila don ya kai labari.

Magana ta biyu ita ce dokarmu, wadda ta girme ni a wannan fili. Doka ta ce aikin gayya na hanya ne da shinge da ruwa da taki, abin da yake na kowa. Ƙafar ɗan gayya ba ta taka lambun wani. Doka ta kuma ce ana duba lambuna sau biyu a shekara, wanda ya bar nasa ya zama daji a aika masa takarda, in an sake dubawa bai gyara ba a aika ta biyu, daga nan ya mayar da makulli. Ban ga laifin dokar ba. Mutum arba'in da ɗaya ke jira, wasunsu a bene suke zaune, ko tukunyar fure ba su da inda za su ajiye.

Magana ta uku ita ce ta kawo ni nan, kuma ita ce mai nauyi a bakina.

Kun san Mista Wilfred Sugden, mai lambu na ashirin da bakwai. Ga shi can a kujerar baya, kusa da ƙofa, da sandarsa. Shekararsa tamanin da ɗaya, kuma lambun nan daga hannun mahaifinsa ya karɓe shi. A watan Agusta ya faɗi a matakalar gidansa, aka yi masa aiki a ƙugu, ya yi wata biyu bai leƙo ba. Ciyawa ba ta san asibiti ba. Ƙaya ta taso daga shinge ta rufe hanyarsa, takarda ta farko ta tafi, dubawa ta biyu kuma saura mako uku.

Asabar ɗin farkon Oktoba na tsaya a gaban mutum goma sha biyu na ce musu yau za mu karya doka. Na ce ba za mu zuba ido a karɓe lambun dattijo yana kwance ba. Babu wanda ya musa. Muka shiga da fartanya da manjagara da almakashin shinge, muka yi aiki irin wanda ban taɓa ganin mun yi ba. A ƙarshen lambun akwai layin wake guda a kan sandunan gora, ya bushe ƙayau, ganye ya zube, kwanso ya yi baƙi-baƙi, an ɗaura jan zaren ulu a sandar farko. Wata daga cikinmu ta tambaye ni ko a bar shi. Na ce a tuge, mataccen abu ne, masu dubawa za su ce ƙazanta ce. Da hannuna na kwashe shi, da hannuna na jefa shi a wutar shara. Kada kowa ya ɗora wa wani, ni ne.

Ranar Talata 'yarsa ta kawo shi a mota don ya ga alherin da aka yi masa. Ina can ina jira, ƙirji a buɗe, ina sauraron godiya. Ya tako a hankali, ya dubi hanya fes, ya dubi kunyoyi a gyare, ya gyaɗa kai. Sai ya kai ƙarshen lambun ya tsaya.

Ya ce, "Desmond, ina wakena?"

Na ce, "Busassun? Mun ƙone su, Wilf. Ai sun mutu."

Ya dubi wurin. Sannan ya ce, "Ba su mutu ba, yaro. Barin su na yi. Ba ka ga jan zare ba?"

Jama'a, na ga jan zare. Duk wani tsohon hannu a filin nan ya san jan zare na nufin layin iri ne, kada a tsinka, kada a taɓa, a bar shi ya bushe a jikin sanda. Ni kuwa mutumin dankali da kabeji ne, irina a takarda nake sayo shi daga kanti, shekara goma sha ɗaya ina wuce jan zaren nan ban taɓa tambaya ba. Waken nan mahaifinsa ya fara shukawa, kowace shekara ana ɗibar iri daga na bara. Dukanmu mun ci ɗanyensa, domin Wilf ba ya rowar kwando. Amma ƙwayar iri ko ɗaya bai taɓa ba kowa ba, kuma mun sha yi masa tsiya a kan haka. Ragowar irin da ya adana a gwangwani ɓeraye sun cinye a hunturun bara. Abin da ke kan sandunan nan shi ne na ƙarshe.

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya gode mana da aikin, ya ce mun kyauta. Sannan ya gaya wa shugaba cewa ƙarshen wannan wata da muke ciki zai kawo makulli, a ba wani, don ba shi da sauran abin shukawa a nan. Mun ceci lambun daga masu dubawa, mun raba shi da mai shi. Kunya ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba.

Saboda haka magana ta huɗu roƙo ce, kuma kashi biyu ce.

Ga wannan taro, ina roƙon a gyara doka. A yarda aikin gayya ya shiga lambun marar lafiya, domin barin mutum ya rasa lambunsa saboda ciwo ba halinmu ba ne. Amma kada a shiga sai mai lambu yana nan, ko a kujera za a ɗauko shi, a lulluɓe shi da bargo, a ba shi shayi, ya nuna da sanda abin da za a cire da abin da za a bari. Mu kawo ƙarfi, shi ya kawo sani. Ina roƙon shugaba ta sa a ɗaga hannu a kan wannan kafin mu watse.

Ga Wilf kuma. Wilf, ka ɗago ka dube ni. Washegarin Talatar nan na koma inda sandunan suke, na durƙusa da rariyar matata, na tace ƙasar wurin taku-taku, kwana uku, gwiwoyina har yanzu suna ƙorafi. Wasu kwanson sun fashe lokacin da muke tugewa. Ga ambulan nan. Ƙwaya tara ce a ciki, masu ɗigon baƙi, naka ne, ba na kanti ba. Ban sani ba ko za su tsiro. Sun sha danshi, biyu ma sun ɗan yamutse. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Amma ni ban san zurfin da ake binne su ba, ban san ranar da mahaifinka yake shuka ba, kuma duk zauren nan babu wanda ya sani sai kai. In ka kawo makulli ƙarshen wata, a aljihuna za su ruɓe. Ka riƙe makullin zuwa Mayu. Ni zan kafa sandunan, ni zan ɗebo ruwa, kai ka zauna ka yi ta yi mini faɗa. In Yuni ya zo ba abin da ya fito, da kaina zan raka ka wurin shugaba, ba zan ƙara cewa uffan ba.

Allah Ya saka wa kowane hannu da ya yi aiki a filin nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jira haƙuri da rabo, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah Ya koya mana tambaya kafin taimako. Waɗannan tara kuma, ko da guda ɗaya ce a cikinsu, Allah Ya sa ta tsiro, Ya sa mai ita yana wurin.

Na gode.