Faifan Kaka a Jikin Robar Zoɓo

Maraƙin da Baba ya ba ni kiwo tun ina firamare shi ya kai ni Legas, kodayake lokacin ya riga ya zama bijimi. Muka kai shi kasuwar Gwarzo aka sayar, na shiga Kano na sayi tsohuwar laftaf, ragowar ta zama kuɗin mota. Baba bai hana ni ba, bai kuma ce ya ji daɗi ba. Ya dai tambaye ni ko wannan zanen kwamfutar da nake ɗoki a kansa ana cin sa ne. Ku matso kusa, yara, musamman kai Nafi'u, tunda kai ma na ji kana ta zancen tafiya.

A Agege na sami ɗaki, gidan wani dattijo Bayarabe, Baba Lasisi, wanda ya taɓa zama a Zariya ya tsinto 'yar Hausa. Aiki kuwa sai Shomolu, unguwar masu buga takardu. Ranar farko wani mai shago ya dube ni ya ce, "Kai firilansa ne?" Na ce masa a'a, ni Bahaushe ne. Sai da shagon nan kaf ya ɗauki dariya, sannan aka fahimtar da ni cewa firilansa shi ne wanda ba shi da oga, kowa ya kawo aiki ya yi masa. Ummi, daina dariya, ke ma da haka za ki ce. Akwai kuma wata kalma tasu, dedilayin, wai ranar da za ka miƙa aiki. A Legas dedilayin kullum jiya ne.

Haka na shiga yi. Katin biki, fostar suna, allon shago, kalandar tunawa da mamaci. Duk wanda ya zo maganarsa guda ce, a ƙara girman hotonsa. Da na idar da sallar asuba sai in sha shayi wurin wani mutumin Madadi, ɗan yankinmu, da ke bakin titi, mu yi hirar damina, daga nan in taka da ƙafa ina kallon gari. Launin motocin haya, rubutun jikin manyan motoci, yadda mai lemo ke jera kayanta, duk abin da ya ɗauki idona sai in ɗauka a waya. Da hantsi in koma ɗaki in kunna laftaf.

Wannan zaman ɗakin shi ya haɗa ni da Baba Lasisi. Ya ga ba na fita ofis amma ina shan wutar lantarki, sai ya ɗauka ɗan damfarar intanet ya saka a gida. Wata rana ya tsaya a ƙofa da sandarsa.

"Malam, aiki naka ina?"

Na ce, "Ga shi nan a gabana, Baba."

"Wannan telebijin ne. Ni ba so 'yan sanda gida nawa."

Ban yi musu da shi ba. Na tambaye shi sunan shagon matarsa, ya zauna a bakin katifa yana kallo har na zana mata allo. Tun daga ranar, duk wanda ya shigo gidan sai ya nuna masa ni ya ce injiniya ne.

Shi ne ma ya haɗa ni da Mama Tawa, wata 'yar uwarsa mai dafa zoɓo tana zubawa a roba. Manyan kantuna sun ce ba za su karɓi kayanta ba sai da takarda mai kyau a jiki, ita kuma ta riga ta ɗauki ma'aikata mata. Na yi mata zane iri-iri irin na birni, masu sheƙi, duk ta ƙi. Ta ce sun yi kama da tallan banki, wanda ya gani ba zai ji ƙishirwa ba. Na ji haushi ƙwarai, don kaina ya ƙulle, na fara tunanin ko dai ni mai kwaikwayo ne kawai.

Na je wurinta da niyyar in ce ta nemi wani. Ina shiga na ga ta rufe tukunyar zoɓo da faifai, irin namu, ta ce wurin Hausawa ta saya. Sai na tsaya kawai. Ku ba ku riski Kaka Dije ba, mahaifiyar Baba. Ita ce mai saƙa faifai a unguwar nan. Takan rina kaba da karan dafi, ta fara da ja a tsakiya, ta zagaya da fari, sannan ta jefa ɗan baƙi kamar sawun kaza. Ina yaro ni nake riƙe mata kabar. Jan karan dafin nan da jan zoɓo kusan abu guda ne. Na koma ɗaki na zana faifanta daga ka, na ɗora sunan Mama Tawa a tsakiya. Da ta gani sai ta ce a buga.

Kantuna suka karɓa. Daga nan aiki ya buɗe min, har wani kamfanin abin sha ya ce in zo su ba ni kujera da albashi. Ina cikin shawara aka kira ni daga gida, Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, ga damina ta sauka. Na gaya wa kamfanin su yi haƙuri. Baba Lasisi ya ɗaukar min jaka har tasha, Mama Tawa ta cika min leda da robobin zoɓo.

Ban dawo da mota ba, kun gani da idonku. Laftaf ɗin ce dai, sai ɗan faranti mai cajin rana da na kafa a kan ɗaki. Da safe gona, da yamma in zauna inda sabis yake kamawa in tura wa mutanen Legas aikinsu. Ba duka suka biyo ni ba, amma waɗanda suka rage sun ishe ni.

Ranar da na iso na tarar da Baba a kan tabarma, magana tana yi masa nauyi. Bayan mun gaisa na buɗe roba guda na ba shi ya ɗan kurɓa. Ban ce masa komai a kan takardar ba. Ya riƙe robar da hannun da ke motsi, ya kawo ta kusa da ido, ya riƙa bin zagayen da babban yatsa, ja, fari, har ya iso kan baƙin. A nan ya tsaya.

"Saƙar Inna ce," ya ce.

Na ce ita ce. Da mahaifiyata ta zo kwashe kwanuka ta kai hannu za ta ɗauki robar, sai ya janye ta ya ajiye a gefen matashinsa.