Shafi Na Ɗari Biyu Da Shida

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya ba mu aron wannan bawa nasa, kuma ya karɓi abinsa a lokacin da ya so.

Mai girma shugaban wannan zama, malam limamin unguwarmu, shugabar ɗakin karatu, shugaban masu shaguna na layin da marigayi ya yi shekara talatin da ɗaya yana buɗe ƙofa, Mama matar marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, da 'yan'uwana na zauren karatu, assalamu alaikum.

An ce in yi magana a madadin zauren karatu saboda ni malamin adabi ne. Na so in ƙi. Mama ce ta aiko cewa ni take so, ba wani ba, kuma kafin in zauna za ku san dalili.

Duk wanda ya san Baba Mai Agogo ya san shagon nan nasa na ƙarƙashin bene, wanda mutum biyu ba sa tsayuwa a ciki sai ɗaya ya karkace. Agoguna a gaba, kowanne da nasa lokacin. A bayansa kuma kanta huɗu na littattafan labari, da benci a bakin ƙofa inda mu takwas na zauren karatu muke zama duk Asabar da hantsi.

Ya kasance mutumin da ba ya tambayar ka wane littafi kake so. Sai ya ɗaga gilashin nan da yake maƙalawa a ido, ya dube ka, ya ce, "Kai, fuskarka ta mai rigima da surukai ce. Ungo wannan." Kuma ya dace.

Ya kasance ba ya ba ka littafin da bai karanta ba, ba ya kuma faɗa maka ƙarshen labari ko za ka yi kuka. Idan kai ka kawo masa wani sabo ka ce ya yi daɗi, zai karɓa da hannu biyu, ko da kai ɗan jiya ne a karatu. Rabin abin da ke kan kantar ɗakin karatunmu, shugabar tana zaune, daga bakinsa aka ji sunansu.

Ya kasance yana da wata ɗabi'a. Duk littafin da zai ba ka, sai ya ɓoye 'yar takarda a can cikinsa. Ka yi nisa da karatu sai ka ci karo da rubutunsa: "Ka iso nan? Tashi ka sha ruwa, gaba akwai zafi." Ko kuma: "Nan na yi hawaye. Idan ka gaya wa Mama, ba ni ba kai." Ranar Asabar sai ka faɗa masa abin da takardar ta ce, ya yi ta dariya har da buga kanta.

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekarun baya-bayan nan mun daina karatu. Waya ta cinye mu, hidima ta cinye mu, amma ba mu daina son a kira mu masu karatu ba. Sai muka gano dabara. Ka karɓi littafi, ka karanta shafi ashirin, ka riƙe shi ta bango ka girgiza, takarda ta faɗo. Ka haddace ta, ka je Asabar ka biya masa. Ni na koya wa mai kemis da ke cikinmu wannan dabarar. Ni, malamin adabi.

Bara ya ɗauko wani littafi mai koren bango, labarin wata mata da ta bar gida ta tafi neman ƙanenta. Ya ce wannan kowa sai ya karanta, bi da bi. Ni na fara karɓa. Na girgiza, ba abin da ya faɗo. Na sake girgizawa. Bayan mako biyu na mayar masa, na ce, "Baba, labari ya yi daɗi, amma wannan karon ka manta da takarda."

Ya ce, "Haka ne? To, tsufa ke nan."

Har na juya sai ya ce, "Malam, ta same shi kuwa?"

Na ɗauka gwada ni yake yi. Na yi dariya na ce, "Haba Baba, kai da ka fi kowa sani!" Na wuce.

Mu takwas muka karɓi littafin nan ɗaya bayan ɗaya. Mu takwas muka mayar da shi da magana iri ɗaya: ya yi daɗi, amma ka manta da takarda. A watannin nan ne ya daina karɓar gyara, ya ce agogon yanzu ba a gyara shi, jefarwa ake yi. Muka yarda. Ya fara kiran mu da sunan juna sai mun yi magana. Muka ce zolaya ce irin tasa.

Bayan rasuwarsa da mako guda Mama ta kira ni gida. Ta ajiye mini koren littafin nan a kan tebur, ta ce, "Malam, buɗe shafi na ɗari biyu da shida."

Bai manta ba. Wannan karon a jikin shafin ya yi rubutun, da fensir, manyan haruffa a karkace, wasu sun hau kan wasu. Ga shi a hannuna, zan karanta muku:

"Nan idona ya tsaya. Wanda ya iso nan, don Allah ya zo ya ƙarasa mini."

Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana ba mu, sau ɗaya ya roƙe mu. Kunya ta hana shi faɗa da baki, sai ya ajiye roƙon a inda ya tabbata mai karatu zai gani. Kuma duk wanda ya ce masa "ka manta da takarda", a take Baba ya san ƙarya muke yi. Sau takwas ya ji haka, bai tona kowa ba. Asabar ta zagayo ya shimfiɗa mana benci.

Mama, ke da ba mu taɓa cewa ki zauna a bencin nan ba, ke da kike cewa karatunki na bin layi da yatsa ne, ke kika ɗauki littafin. Kin ce kullum shafi ɗaya ko biyu, yana gyara miki kalma daga inda yake kwance. Kin ce saura shafi goma sha tara ciwo ya tsananta. Bai ji ƙarshen ba.

Mama, ba mu zo da uzuri ba. Mun ci amanar mijinki, ni ne kuma kan gaba. 'Ya'yansa, kun gaishe mu da girma a ranar jana'iza, kuna cewa ga abokan Baba. Ku yafe mana, ba mu cancanci wannan sunan ba. Ku kuma 'yan'uwana bakwai, ban nemi izininku ba kafin in faɗi wannan. Wanda ya ji haushi ya same ni a waje.

Makon jiya na zauna na karanta littafin tun daga bango har bango. Yini biyu kawai ya ɗauke ni. Yini biyu, jama'a. Baba ya hana faɗin ƙarshen labari, amma shi da kansa ya tambaye ni, kuma yau ne nake da amsa. Ta same shi, Baba. A shafi na ƙarshe ta same shi.

Na gode wa shugaban zama da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Na gode miki, Mama, da kika tsayar da ni a nan.

Allah ya jiƙan Baba Mai Agogo, ya haskaka kabarinsa fiye da yadda duniya ta dushe masa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya saka wa Mama da alheri a kan kowane layin da ta bi da yatsa. Mu kuma, ya Allah, ka rufa mana asiri kamar yadda bawanka ya rufa mana sau takwas. Amin.