Na Ce wa Likitoci Da Sauƙi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Manfuha, nan Riyad.

Na daɗe ina fama da ciwon da likita ya kira faibromayaljiya. Jikina kullum kamar an yi mini duka, amma gwaji ba ya nuna komai. Mijina ɗan ƙasar nan ne, shi ke ciyar da ni, shi ke yi mini bayani a asibiti. Bara Allah ya yi masa rasuwa.

Na nemi tallafin gwamnati na naƙasassu, aka kira ni gaban likitoci. Na sa kayana masu kyau, na cije na durƙusa na gaishe su, yadda aka koya mana a gida. Babbarsu ta tambaye ni jiki, na ce, "Alhamdulillah, da sauƙi." Sai aka hana ni tallafin. Durƙuson nan kwanaki ya kwantar da ni.

An yarda in sake zuwa. Jama'a, ku ba ni shawara, yaya zan faɗi ciwona ban butulce wa Allah ba? Da Malam, mijina, yana raye, da ya ce musu, "Idan Hajara ta ce da sauƙi, to ba ta runtsa ba."