Ɗumin Eriya Ba Maganin Ciwon Baya Ba Ne

Shugaban taro, manyan injiniyoyinmu, masu gidajen da muka kafa eriya a kan rufinsu, 'yan'uwana masu hawa ƙarfen sabis, da iyalan da ke jiran saukowarsu kullum, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba mai kula da lafiyar ma'aikata dama ta yi magana, na kuma gode da kuka cika zauren nan, ko da yake na san rabinku ƙamshin abinci ne ya jawo ku.

Magana ta farko a kan ƙanena Dogo take, ga shi can bayan fanka yana sunkuyar da kai. Rannan bayan ruwan safe na hango shi a sama, ya juya wa eriya baya, ya baje hannuwa kamar kaza tana shan hantsi. Na ce, "Dogo, lafiya?" Ya ce, "Yaya, rigata nake busarwa, kuma wallahi ɗumin nan yana sakin ciwon baya." Da na bincika, ashe layi ake yi don shan ɗumin.

Jama'a, ɗumin nan ba na rana ba ne. Ƙarfin da eriya ke harbawa ne yake ratsa nama yana gasa shi, kuma kafin fata ta kai ƙara, ciki ya riga ya sha. Ido ya fi shan wahala, domin ba shi da isasshen jinin da zai sanyaya shi.

Ta biyu, na'urar gargaɗin nan da kuka raɗa wa suna Suruka, wai ba ta yin shiru. Kuna cusa ta a safa ku bar ta a mota. A ƙirji ake rataya ta, in ta yi kuka a ja da baya.

Ta uku, kafin ku gitta gaban eriya, ku kira ofis a rage mata ƙarfi ko a kashe ta. Kuna jin nauyi wai masu waya za su yi ƙorafi. Su yi mana! Hira tana jira, rigakafi kuwa ya fi magani.

Ni na kawo Dogo aikin nan. Ranar da ya fara, Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Ke kika hau da shi, ke za ki sauko mini da shi yadda yake." Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Dogo, ka yi fushi in ka ga dama, amma gobe ba ka hawa sai likita ya duba idon nan da kake ta murzawa tun da muka zauna.

Allah Ya hau da ku lafiya, Ya sauko da ku lafiya, Ya mai da kowa ga mahaifiyarsa yadda ya baro ta.

Na gode.