Taubashina Ya Zuba wa Kifayena Taki

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki. Lawal tela ne daga Batsari.

Ina kiwon ƙananan kifaye a akwatin gilashi. Na shimfiɗa wankakken yashi, na dasa ciyayin ruwa, na ajiye shi inda rana ba ta dukansa. Duk Juma'a nakan rage ruwan, in ƙara wanda ya kwana.

Da tafiya ta kama ni, sai na bar wa taubashina Sada amana. Wai ya ga ciyayin ba sa tsawo, shi ne ya watsa musu takin zamani kamar gonarsa ta Wagini! Na dawo na tarar kifi tara sun juya ciki sama. Ya ƙyalƙyale da dariya: "Haba Lawal, ko miya fa ba za su yi ba!"

Jama'a, kada takin gona ya kusanci kifinku.

To, jibi Sada zai tafi biki Safana, ya ce in kula masa da tantabarunsa. Na amsa. Ku ba ni shawara da wuri, don wallahi kyanwata ta kwana biyu ba ta ci nama ba.