Mabel da Kunnen Kakarta

A tashar Masaka, motar Nyanya ta ƙi cika. Kure ya ga matar da ke gefensa tana duba takardun ɗalibai da jan biro, sai ya kasa yin shiru.

"Madam, taimake ni. 'Yata Mabel za ta zauna WAEC bana, amma in an ce ta taƙaita labari, sai ta kwafe shi kaf. Kullum a nan take faɗuwa."

"A gida ma ba ta iya gajarta zance?"

"Ina! Kakarta ba ta iya zuwa coci yanzu, ga kunne ya yi nauyi. Fasto zai yi ta wa'azi har rana ta take, amma Mabel za ta faɗa mata a kunne kafin tsohuwa ta shanye kununta."

"Har da misalan Fasto da barkwancinsa?"

"Haba, wa zai iya wannan ihun? Gundarin maganar kawai, kuma da yarenmu na Gbagyi."

"To Oga, ai ta iya. Ta karanta labarin sau biyu, ta kife takardar, ta ɗauka Kaka ce a gabanta. Abin da za ta faɗa mata, shi za ta rubuta."

"Ɗan wannan kawai? Ni kullum ce mata nake ta cika takarda fal, kada a ce ba ta yi karatu ba."

Matar ta sauke biro, ta zuba masa ido. Kure ya shafa ƙeya, ya lalubo wayarsa.

"Mabel, Baba ne. Ajiye biron nan tukuna. Ɗauki littafinki ki je wurin Kaka."